Yadda Za Ka Shirya Mutum Ya Je Neman Sulhu da Ƙafarsa

Yawancin rigimar da ake kawo wa ikkilisiya, mutum ɗaya ne yake kawo ta. Da wuya ka ga mutum biyu da suka saɓa sun jero tare suna neman a sasanta su. Ɗaya ne yake jira a tashi daga sujada, jama'a su watse, sannan ya matso ya ce, "Mama, ina da magana." Ɗayan yana gida, wataƙila bai ma san an ambaci sunansa ba. Yadda za ka yi da wannan mutum ɗaya da ke gabanka shi ne abin da zan yi bayani a kai, don a nan ne muka fi ɓata abu alhali gyara muke nufi.

Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, na daɗe a Zumuntar Mata har na riƙe Uwar Zumunta a majami'armu. Abu biyu na ga mun saba yi in an kawo mana kuka. Ko dai mu ce, "Ki yi haƙuri, ki bar wa Allah," mu yi addu'a mu sallame ta, ta koma gida da nauyin da ta zo da shi. Ko kuwa mu ɗauki maganar mu kai wa ɗayan, mu dawo da amsa, mu sake komawa, kafin Lahadi ta zagayo rigimar mutum biyu ta zama ta gida uku. Akwai hanya ta uku: ka zauna da wanda ya zo, ka shirya shi har ya iya tashi ya je da ƙafarsa, ya yi magana da bakinsa. A wannan aiki kai ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan aike ba.

Wata ƙungiyar Kirista a Amurka mai suna Peacemaker Ministries, wadda wani lauya, Ken Sande, ya kafa a 1982, ta raba aikin sulhu kashi uku: shirya mutum ɗaya shi kaɗai, zama tsakanin mutum biyu a sasanta su, da yanke hukunci in sun yarda a yanke musu. Mu a nan mun ƙware a na biyu da na uku, dattawa da masu unguwa sun iya su tun kaka da kakanni. Na farkon muke tsallakewa, alhali da shi Ubangiji ya fara. A Matiyu 18:15, in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, kai ne za ka je ka same shi, daga kai sai shi. A Matiyu 5:23-24, in ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikonka a gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Ko an yi maka, ko kai ka yi, tafiyar taka ce. Ikkilisiyarmu ta riƙe wannan babi na 18 tun da mutum takwas suka fara ta a wani ƙauye na Jamus a 1708, da shi kuma ta iso Garkida a 1923. Mu masu wanke wa juna ƙafa ne, amma na ga mace ta canja wurin zama ranar wankin ƙafa don kada ƙafar facalarta ta faɗo a kwanonta. Irin wannan ne ya sa nake ɗaukar aikin nan da nauyi.

Zaman farko

Kada a yi shi a tsaye a bakin ƙofar majami'a. Ka sa lokaci, ka samu wurin da yara ba sa shige da fice, ka ajiye waya. Mace ta zauna da mace, namiji da namiji. In dole ta sa aka saɓa wannan, a bar ƙofa a buɗe, wani babba yana cikin gidan.

Tun kafin a fara, ka faɗi iyakar sirri. Ni ga abin da nake cewa: "'Yata, abin da za ki faɗa mini ba zai fita daga bakina ba, ko ga maigidana. Amma in akwai wanda ransa ko lafiyarsa ke cikin haɗari, musamman yaro, ba zan yi shiru ba, kuma ke zan fara gaya wa kafin kowa." Sannan ka cika alkawarin. Hanyar da sirri ya fi zubewa a cikinmu ita ce roƙon addu'a. A taron tsakiyar mako wani ya tashi ya ce a tuna da wata 'yar'uwa da ke fama da surukarta a unguwa kaza, bai kama suna ba, amma kowa ya gane. Daga ranar ba wanda zai sake kawo maka magana.

Sai ka saurara. Ka bar shi ya zazzage duka, ko da ya maimaita, ko da ya yi kuka, ko da ya faɗi abin da bai dace da mai bi ba. Kada ka buɗe Littafi Mai Tsarki a wannan gaɓa. Karin Magana 18:13 ta kira amsa magana kafin a ji ta wauta da abin kunya, kuma ayar da aka jefa wa mutum kafin ya gama kuka tana rufe masa baki ne kawai. In ya gama, ka mayar masa da abin da ka ji a taƙaice, ka tambaye shi ko haka ne. Za ka iya cewa, "Wannan abu ya yi maka ciwo ƙwarai," don gaskiya ce da kake gani da idonka. Abin da ba za ka ce ba shi ne, "Lalle ya zalunce ka." Gefe ɗaya ka ji. Ayar 17 ta wannan babi ta ce mai fara kawo ƙara shi ake ganin yana da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. In ka yanke hukunci, mutumin zai fita da sunanka a baki: "Ai har Mama ma ta ce kai ne ba ka da gaskiya."

Daga nan ka taimake shi ya raba abin da ya faru da abin da ya fassara. "Ta raina ni" fassara ce. Ka tambaya, "Me ta yi?" Sai ka ji cewa ta wuce a bakin famfo ba ta gaishe ta ba. "Me ta ce, da bakinta? Ke kika ji, ko gaya miki aka yi? Wa ya gaya miki?" Sau da yawa za ka tarar rabin ƙarar daga bakin wani na uku ta fito, kuma mai ƙarar bai taɓa lura da haka ba sai da ka tambaya.

Akwai wanda ba a turawa

Tun a zaman farko ka bincika ko akwai duka, ko barazana, ko taɓa yaro, ko tsoron da ya sa mutum ba ya iya barci a gidansa. Ka tambaya kai tsaye: "Yana dukanki? Kina tsoronsa?" In amsar i ce, duk abin da zan faɗa a ƙasa ba nata ba ne. Ba a tura mace ita kaɗai wurin mai dukanta da sunan Matiyu 18, ba a kuma sa ta binciken laifin da ta yi har aka doke ta. Abin da take bukata shi ne wurin kwana mai tsaro, asibiti in akwai rauni, da manyan da za su tsaya mata, na gida da na ikkilisiya, har da hukuma. Najeriya tana da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, jihohi da yawa kuma sun amince da ita. Ya kamata duk mai wannan aiki ya san matsayinta a jiharsa. Na sha ganin an mayar da mace ɗakinta da kalmar haƙuri, ta dawo da kumburarren ido. Wannan ba sulhu ba ne, kuma Allah zai tambaye mu.

Me kake so a gaske?

Da Boko Haram ta shiga Mubi da Kwarhi a ƙarshen Oktoba na 2014, mutanenmu suka watsu, wasu Yola, wasu Jos, wasu Abuja, wasu Kamaru, iyali biyu ko uku a ɗaki ɗaya a gidajen dangi. Da aka fara komawa gida, an koma da rigingimun da ba a fita da su ba: wa ya noma gonar wa, wa ya gudu ya bar tsohuwa, wa ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya. A cikin irin waɗannan ne wata mata ta same ni game da facalarta. A lokacin gudun hijira ɗan facalar ya kwanta asibiti, ita kuwa ta kwashi adashinta ke nan, ta miƙa duka aka biya magani. An dawo gida, shekara ta zagayo, ba a biya ba, ba a kuma ta da maganar ba. Sai ga facalar ta yi anko ranar wani biki. Daga nan gaisuwa ta yanke. Gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, amma an hana yara cin abincin tukunyar juna.

Na tambaye ta abin da take so. Ta ce kuɗinta. Na ce, "To, in gobe da safe ta aiko yaro da kuɗin cif a ƙulle a leda, ba ta ce komai ba, shi ke nan magana ta mutu?" Ta yi shiru, tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "A'a, Mama. Ni na kwana da ita a asibitin nan a kan tabarma. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini ta gode ba."

Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan aikin. Abin da mutum ya fara cewa yana so, kuɗi ne ko fili ko a ba shi haƙuri a gaban jama'a, sau da yawa akwai wani abu a ƙarƙashinsa: a san da wahalarsa, a daina mai da shi yaro, kada 'ya'yansa su tashi ba su da gona. Yakubu 4:1 ya ce faɗa da husuma daga sha'awace-sha'awacen da ke yaƙi a cikinmu suke fitowa. Wani abin da ake so halal ne, kamar godiyar da matar nan take nema. Wani kuwa, in aka tono shi, sai a ga so ake a ga ɗayan ya wulaƙanta. Ka taimaki mutum ya kira abin da sunansa a gaban Allah. Ka tuna mutumin da ya ce wa Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, a Luka 12. Yesu ya ƙi zama mai rabo, ya juya ga abin da ke cikin zuciyar mai roƙon.

Nasa kason

Wannan shi ne wuri mafi santsi, kuma ba lalle a kai gare shi a zaman farko ba. In ka ce wa mai ciwo, "Ai kai ma kana da laifi," ka rasa shi. Ni tambaya ɗaya nake yi: "In da facalarki ce zaune a kujerar nan, me za ta ce kin yi mata?" Sai in kama bakina. Shirun yana da nauyi, za ka ji kamar ka cike shi, amma ka daure.

Matar nan da farko ta ce babu. Da muka sake zama, ta ce ranar wani suna ta yi habaici a gaban mata, ta ce akwai masu anko da kuɗin mutane. Ita ce kuma ta fara hana yaranta shiga ɗakin facalar. Sannan ta faɗi wanda ya fi ba ta mamaki ita kanta: ba ta taɓa buɗe baki ta tambayi kuɗin ba, ko sau ɗaya. Ta gaya wa mijinta, ta gaya wa ƙawayenta, ta gaya wa uwarta, mai bashin kaɗai ba ta gaya wa ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Abin da Ubangiji ya faɗa ke nan a Matiyu 7 game da gungumen da ke idonka da ɗan hakin da ke idon ɗan'uwanka, kuma ka lura bai ce a bar hakin ba, cewa ya yi a fara da gungumen don a gani sosai.

Kada ka yi ƙaryar raba laifi biyu daidai don a samu zaman lafiya. Wani lokaci kashi tara na wancan ne. Abin da nake cewa shi ne, "Ko da nata tara ne naki ɗaya, ɗayan nan naki ne, shi za ki ɗauka ki je da shi." In kuwa ka bincika ka ga mutumin ba shi da wani kaso, kada ka ƙirƙiro masa. Ka sallame shi da aikin gida: ya karanta Zabura 139:23-24, ya yi wa abokin rigimarsa addu'a da sunansa kowace safiya har ku sake haɗuwa. Wanda ya kasa furta sunan a addu'a bai shirya tafiya ba tukuna.

A nan ne kuma ake duba ko maganar ta cancanci a je. Karin Magana 19:11 ta ce ƙyale laifi daraja ce ga mutum, kuma ba kowane kallon banza ne ake kai wa zama ba. Amma ka gwada haƙurin. Yana iya gaishe shi da sakin fuska? Ya daina ba da labarin? In ya ce ya bar wa Allah alhali duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin, to bai bari ba, jira yake Allah ya saka masa. Wannan sai ya je.

Gwada maganar kafin a je

Mutane da yawa suna da niyya mai kyau, bakinsu ne yake kayar da su. Saboda haka nake sa a gwada. Nakan ce, "Ni ce facalarki. Fita waje, ki yi sallama ki shigo." Za ta yi dariya, ta ji kunya, amma ka nace. A nan za ka ji irin ban haƙurin da muka saba: "In na ɓata miki rai, ki yi haƙuri." Ko, "Sharrin Shaiɗan ne." Ko, "Na yi kuskure, amma ke ma ai kin san abin da kika yi." Duk ukun ba su ɗauki komai ba. Na farko yana shakkar ko an yi laifin, na biyu ya ɗora wa wani, na uku ya ba da haƙuri da hannun dama ya karɓe da na hagu.

Ga abin da muka tsaya a kai da matar nan, bayan ta faɗa ta sake faɗa: "Yaya, na zo ne a kan maganar da na yi ranar suna. Na yi miki habaici a gaban mutane, na kunyata ki, bai kamata ba. Na kuma hana yara shiga wurinki. Ki gafarta mini." Daga nan sai ta yi shiru. Wannan shirun shi ma sai an koya shi, don bakin yana ƙaiƙayin ya ci gaba da "amma". Ta bar ɗayar ta amsa yadda ta ga dama, ko da ba ta ce ta yafe a take ba. Gafara roƙonta ake yi, ba a ƙwatarta.

Ka yi wasan da gaske. Ka mayar mata da baƙar magana irin wadda take tsoro: "Sai yanzu kika san da ni?" Ka ga yadda za ta yi. In ta harzuƙa, ku sake daga sallama. Karin Magana 15:1 ta ce mayar da magana da taushi yana kwantar da fushi, amma taushin ba ya zuwa a ranar in ba a saba da shi ba tun a ɗaki.

Bayan nata kason sai nata kukan, ko a ranar in fuska ta saki, ko wata rana. Shi ma a shirya shi. Magana ɗaya tak, wadda ta faru a rana sananniya, da abin da ta ji, da abin da take roƙo: "Kuɗin asibitin nan, da shiru ya yi yawa sai na ga kamar wahalar da muka sha tare ba ta da daraja a wurinki. Ina so mu yi maganar yadda za a biya, ko kaɗan-kaɗan ne." A cire "kullum", a cire "halinki ne", a cire duk abin da ya taɓa dangi ko ƙabila. Da zarar an ce "ku mutanen gidanku", maganar ta bar hannun mutum biyu.

In wanda kake shiryawa shi ne ya ci haƙƙin wani, baki kaɗai bai isa ba. Zakka a Luka 19:8 bai tsaya a kan nadama ba, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zambata. Ku zauna ku yi lissafi: nawa ne, yaushe, ta hannun wa. Wanda ya ɓata sunan wani a gaban mutane kuma, ya koma wurin mutanen nan ya gyara.

In wancan babba ne

"Daga kai sai shi" yana da sauƙi tsakanin sa'o'i. Ƙane da wansa, ɗa da ubansa, matar ɗa da surukarta, wannan wani abu ne dabam, kuma duk wanda ya ce wa yaro ya je ya zauna ƙafa bisa ƙafa ya faɗa wa babba laifinsa bai san inda muke zaune ba. Littafin ma bai ce haka ba. A 1 Timoti 5:1 an ce kada a tsauta wa dattijo, a roƙe shi kamar uba. Abigel a 1 Sama'ila 25 ta tari Dawuda da abinci, ta sunkuya har ƙasa, sannan ta faɗa masa gaskiyar da ta hana shi zub da jini. Yakubu ya aika da kyautai gaba, ya sunkuya sau bakwai kafin ya isa wurin Isuwa.

Wani saurayi da maigidana ya shirya, wansa ya sayar da gefen gonar ubansu ba da saninsa ba. Ya zo yana huci, yana maganar kotu. Abin da aka shirya masa shi ne ya je da yamma bayan an ci abinci, ya riƙe ɗan abu a hannu don yara, ya yi gaisuwa cikakkiya, ya zauna ƙasa, ya ce, "Yaya, na zo ne ka fahimtar da ni maganar gonar Baba. Na ji a waje, na ga bai kamata in ji a bakin wani ba alhali kana nan." Tambaya ce, amma ta ɗauki duk abin da ke ransa, ba ta kuma tsinka wan a gaban matarsa ba. Maganar filin kanta daga baya sai da aka kira kawunsu da mai unguwa aka rubuta takarda da shaidu. Haka ya kamata. Mai shirya mutum ba shi ne mai raba gado ba. Aikinka shi ne 'yan'uwan su isa wurin rabon suna iya kallon juna.

Inda kunya ta hana magana sam, kamar tsakanin mace da uwar mijinta, a nemi goggo ko wata dattijuwa da dukansu biyu suke girmamawa ta yi rakiya. Ta buɗe ƙofa, ta zauna, amma mai maganar ta faɗi abinta da bakinta. Sau da yawa kuma a rigimar suruka, mijin ne yake bukatar a zauna da shi, don shi ne ya ɓuya ya bar mata biyu suna fama.

Waya ta neman lokaci ce kawai: "Yaya, yaushe zan same ka a gida?" Kada a tura ban haƙuri ko ƙorafi ta saƙon murya a WhatsApp. Ana tura shi gaba, ya faɗa zauren dangi, kowa ya sa baki. Kada a ta da maganar a gidan biki ko a gaban yara. In an yi rasuwa a gidan wancan, a je gaisuwa, a zauna, a yi aiki, amma a bar maganar sai wata rana.

Gidajenmu da yawa akwai Kirista da Musulmi ciki ɗaya. In wanda za a je wurinsa ba Kirista ba ne, ayoyin nan na mai tafiya ne, su shirya zuciyarsa, ba na karanta wa wancan ba. Ya je da maganar zumunci, wadda ɗan'uwansa Musulmi ya san nauyinta sarai. Ka kuma ja masa kunne kada ya bar rigimar bashi ko ta gona ta rikiɗe ta zama ta addini.

Bayan an je

Kafin ya tashi daga wurinka, ku sa ranar da zai je da ranar da zai dawo maka. In ba a sa rana ba, tafiyar ba ta yiwuwa. Ku yi addu'a, shi ma ya yi da bakinsa.

In an karɓe shi, kada ka gaggauta shi ya tashi ba da shaida ranar Lahadi. Ka tambaye shi abin da yafewar za ta zama a aikace: ya daina ba da labarin, kada ya jawo shi a faɗan gaba, ya saki yara su yi wasa tare. Ka kuma gaya masa cewa gafara dabam, amana dabam. Matar nan ta yafe, facalar ta yi kuka ta ce kunyar bashin ce ta sa take kauce mata, ta riƙa biya kaɗan-kaɗan ranar kasuwa. Amma ban ce mata ta sake ba ta rance ba, ita ma ba ta yi ba, kuma wannan bai rage komai daga yafewarta ba.

In an kore shi, ko an yi masa shiru, zai dawo da zafi, yana ganin ka sa ya zubar da girmansa. Ka zauna da shi a kan Romawa 12:18, inda aka ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunku, ku yi zaman lafiya da kowa. Ayar da kanta ta san akwai abin da ba ya hannunka. Ya ci gaba da gaisuwa ko ba a amsa ba, ya bar ƙura ta lafa, ya sake gwadawa. Bulus da Barnaba sun rabu da zafi a kan Markus a Ayyukan Manzanni 15, amma a 2 Timoti 4:11 ga Bulus yana cewa a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Tsakanin waɗannan biyu shekaru ne.

Sai an gwada an sake gwadawa ake zuwa ga Matiyu 18:16, a ɗauki mutum ɗaya ko biyu. A zaɓi waɗanda wancan ya yarda da su, ba abokan mai ƙara ba. Ni a ganina kai da ka shirya shi bai kamata ka zama mai sasantawar ba, don ka riga ka sha labarin gefe ɗaya, wancan kuma zai gane. Kai wa dattawan ikkilisiya shi ne na ƙarshe, kuma kada ka yarda a riƙa ambatonsa tun farko don tsoratarwa.

Wani lokaci wancan ɗin zai ji cewa an zo wurinka, ya tare ka ya ce, "Mama, me ta gaya miki a kaina?" Ka ce, "Abin da ta faɗa mini nata ne, kamar yadda in kin faɗa mini naki ba zai je kunnenta ba." In tana so ita ma a zauna da ita, ka haɗa ta da wata dattijuwa dabam wadda ta iya aikin, kowacce ta samu mai shirya ta, kada ku biyun kuma ku riƙa kwatanta abin da kuka ji.